Layin dogon da ya bi ta Samaru: a saye shi ko a tsare shi?

Makonni kaɗan da suka wuce ɗan yayana, wanda yake koyarwa a wata makarantar sakandare a Samaru alhali gidansa yana Tudun Wada, ya zo gaishe ni bayan sallar La'asar. Ya zauna bakin tabarma yana lissafa mini abin da kuɗin mota yake cinyewa daga albashinsa kowane wata, da ya gama sai ya ce: "Baba, kullum sai na tsallaka layin dogon nan da ya bi ta Samaru, ga shi nan kwance ba ya amfanar kowa. Tunda yanzu an ce ƙananan hukumomi za su riƙa karɓar kuɗinsu kai tsaye, me zai hana Zariya da Sabon Gari da Giwa su haɗa kuɗi su saye shi, su sa ɗan ƙaramin jirgi ya riƙa jigilar mutane daga tashar Sabon Gari zuwa Samaru da Shika har Giwa?" Ban ba shi amsa a ranar ba, domin tambayar ta taɓa mini wurare biyu a zuciya, kuma wuraren nan biyu ba su cika jituwa ba.

Wuri na farko shi ne mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi rayuwarsa yana aikin reluwe, ya kuma tashe mu a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari. Mun girma muna gane lokaci da kukan jirgi, muna kuma ganin yadda ake loda buhunan gyaɗa da dilolin auduga da fatu a cikin taragu ana yin kudu da su. Wuri na biyu shi ne shekarun da na yi ina aikin lissafin kuɗi a sashen baitulmali na wata ƙaramar hukuma, inda na ga da idona yadda kuɗin jama'a yake shigowa da yadda yake ƙarewa tun kafin wata ya raba tsakiya. Ɗan ma'aikacin reluwe da ke cikina yana son ya ce wa yaron nan eh, a saya ko nawa ne. Tsohon ma'aikacin baitulmali kuwa ya san abin da zai biyo bayan sayen, kuma bayan na kwana da maganar na tashi da ita, ra'ayinsa ne ya rinjaya, ko da yake bai rinjaya ta yadda zai sa in ce a naɗe hannu a zuba ido ba.

Ya kamata a fara da cewa shawarar ba ta wauta ba ce, kuma duk wanda ya san tarihin garin nan ba zai yi mata dariya ba. Jirgin ƙasa ya iso Zariya ne a zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa dogo daga Baro a bakin kogin Neja zuwa Kano, aikin da aka fara a 1907 ya kuma kai Kano a 1911. Daga nan Zariya ta zama mahaɗa. An ja wani siririn layi daga nan zuwa Jos saboda kuzar da ake haƙowa a can, sannan aka ja wani ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, saboda auduga da gyaɗar wannan yanki. Wannan na ƙarshen shi ne wanda ɗan yayana yake tsallakawa kullum, shi ne kuma ya ba unguwar Hayin Dogo sunanta. Sabon Gari kanta jirgi ne ya haife ta, domin ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar da suka biyo dogo daga kudu su ne suka fara cika ta, kuma har yau muna kiran wata unguwa PZ da sunan kamfanin Turawan da ya kafa kanti a wurin saboda kusancinsa da tasha. Wanda ya ce a farfaɗo da dogo a Zariya, kira yake yi a koma ga abin da ya gina rabin garin.

Akwai kuma abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan da suka sa irin wannan tunani yake zuwa wa mutane. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a gyaran kundin tsarin mulki wanda ya fitar da harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai take da iko a kansu, ya mayar da ita cikin waɗanda jihohi ma suke iya yin doka a kansu. A ƙarshen watan Mayu na wannan shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin da har yanzu malamin makaranta da ɗalibi da mai ƙaramar sana'a ba su farfaɗo daga gare shi ba. Sannan a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Mutumin da ya haɗa waɗannan abubuwa uku a kansa, yana kuma kallon ƙarfe kwance a ƙofar gidansa, ba laifinsa ba ne idan ya ga kamar hanya ta buɗe.

Sai dai sayen layin dogo ba kamar sayen fili ba ne, wanda za ka kewaye shi da katanga ka tafi ka bar shi har sai ranar da ka shirya. Dogo abu ne mai ci kullum, ko jirgi yana bin sa ko ba ya bi. Mahaifina yakan gaya mana cewa a zamaninsu an raba layin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da tawagar leburorinta da shugabansu, kuma kowace safiya akwai mai bin dogon da ƙafa, riƙe da guduma, yana duba kusoshi da mahaɗar ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Dole a riƙa cusa tsakuwa a ƙarƙashin ƙarafan da dogon yake kwance a kansu domin kada ya lotsa, dole a riƙa share kwalbatoci kafin damina domin kada ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashi, dole a riƙa duba gadoji, a sare itatuwan da suka tsiro kusa, a kuma ajiye mai gadi a duk inda hanyar mota ta ratsa layin. Wannan duka kafin a yi maganar kan jirgin da taragunsa, da man dizal, da kayan gyara waɗanda ba a ƙera su a ƙasar nan sai an sayo da kuɗin waje, da direbobi da kanikawa waɗanda horar da kowane ɗaya daga cikinsu yake ɗaukar shekaru. Layin da ya daɗe jirgi bai bi shi a kai a kai ba kuwa, gyaransa na farko kaɗai yana iya fin kuɗin sayensa nesa ba kusa ba, musamman a wannan zamani da ɓarayin ƙarfe suke kwance dogo suna sayar wa masu narka ƙarfe a sassa da yawa na ƙasar nan.

A nan ne abin da na gani a wurin aiki yake dawo mini. Wata shekara ƙaramar hukumar da nake yi wa aiki ta sayi motocin bas domin sauƙaƙa wa jama'a sufuri, kuma da kyakkyawar niyya aka yi. An yi biki, an yanka ƙyalle, jama'a sun yi murna ta gaskiya, ni ma na yi. Abin da ba a yi ba shi ne ware kuɗin gyara a cikin kasafin shekarar da ta biyo baya, domin ana ganin kuɗin da motocin za su samo zai ishe su. Da yake an sa kuɗin shiga ƙasa da na 'yan kasuwa, saboda ai don talaka aka sayo su, abin da suke kawowa bai wuce na mai da alawus ɗin direba ba. Taya ta fara ƙarewa, sai a cire ta wata motar a sa wa wata. Injin wata ya buga, takardar neman kuɗin gyaransa ta kwana a kan teburina wata da watanni, ba don mugunta ba, sai don duk lokacin da kaso ya shigo albashi ne yake fara cinye shi, abin da ya rage kuma ga bashin 'yan kwangila, ga gyaran rijiyar burtsatse, ga rufin aji da iska ta kwashe. Da aka sami sabon shugaba, shi ma da nasa alkawuran da ya yi wa jama'a, motocin kuma ba ya cikin waɗanda suka sayo su. Kafin in bar aiki suna jere a bayan sakatariya a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsu. Har yau idan na tuna da su raina yana ɓaci, domin kuɗin da aka zuba a cikinsu na mutanen da na sani ne, kuma na san abin da zai yi musu da an kai shi wani wurin.

Motar bas kanikawan Sabon Gari suna iya gyara ta, kayanta kuma suna nan a kasuwa. Idan hukumar da take da ma'aikata da ofis da kaso na wata-wata ta kasa riƙe motocin bas, ban ga yadda za ta riƙe kan jirgi da gadoji da kilomitoci na ƙarfe ba. Kuma lalacewar jirgi ba irin ta bas ba ce. Bas idan ta lalace tsayawa take yi a gefen hanya fasinja su sauka, amma dogon da aka yi sakaci da shi jirgi yake kayarwa da mutane a ciki.

Akwai kuma maganar doka, wadda ba a iya tsallake ta. Layin nan mallakar gwamnatin tarayya ne a hannun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar 1955. Gyaran da aka yi wa kundin tsarin mulki a 2023 jihohi ya buɗe wa ƙofa, bai ambaci ƙananan hukumomi ba. Ayyukan ƙaramar hukuma an zayyana su a jadawali na huɗu na kundin 1999, kuma wanda ya karanta zai ga kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da tituna da magudanan ruwa da kwashe shara, da hannu a cikin ilimin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma. Babu jirgin ƙasa a ciki. Ban da haka, layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya fi kilomita 200, ya kuma ratsa jihohi uku, Kaduna da Katsina da Zamfara. Darajarsa tana cikin tsawonsa ne, wato cikin iya ɗauko hatsi da dabbobi daga Gusau da Funtuwa ya kawo su mahaɗar Zariya su wuce kudu. Idan aka yanke guntunsa daga Sabon Gari zuwa Giwa aka ba wani mai shi daban, an rage wa sauran daraja, guntun kuma ba zai iya ciyar da kansa ba, domin a ƙasashe da yawa kaya masu nauyi da ake kaiwa nesa su ne suke kawo wa dogo riba, jigilar fasinja a gajeren zango kuwa kusan kullum sai gwamnati ta cika mata.

Wani abu kuma yana damuna wanda ba na lissafi ba ne. Kakanninmu ne suka gina layukan nan. Tsofaffin garin nan suna kiran lokacin da zamanin diga, lokacin da ake rubuta wa hakimai da dagatai yawan mutanen da za su kawo, a kwashe magidanta daga gonakinsu a kai su sara daji da haƙa da ɗaukar ƙasa a ka. Harajin talakawa da gumin jikinsu ne suka shimfiɗa ƙarfen nan, bayan samun 'yancin kai kuma dukiyar ƙasa ce ta ci gaba da riƙe shi. Idan yau aka ɗebi kuɗin mutanen Zariya da Sabon Gari da Giwa aka miƙa wa gwamnatin tarayya a matsayin kuɗin saye, an sa jikoki sun sake biyan abin da kakanninsu suka riga suka biya. Kuɗi ne ya fita daga ƙaramin aljihun gwamnati ya shiga babba, ba a ƙara ko taku ɗaya na dogo ba, ba a kuma gyara ko kwalbati ɗaya ba.

Sannan a tambayi kuɗin wane ne. A tsarin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi 774 ne suke raba kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma kowa ya san babban ɓangaren abin da yake isowa albashi ne, musamman na malaman firamare da ma'aikatan lafiya. Abin da ya saura shi ne na kowa da kowa, har da matar da take ƙauyen da ke nesa da dogo, wadda ba za ta taɓa hawa jirgin Samaru ba, amma tana buƙatar a sami ungozoma da magani a ƙaramin asibitin garinsu ranar da naƙuda ta kama ta da dare. Har da mazauna cikin birni da Tudun Wada waɗanda magudanan ruwansu suke toshewa duk damina, da yaran da suke karatu a ƙasa saboda babu benci. Waɗannan ayyuka babu wanda doka ta ɗora wa su kafin ƙaramar hukuma, kuma idan ta bar su babu mai ɗauka. Jirgin ƙasa kuwa yana da masu shi, suna kuma da aljihun da ya fi nata zurfi.

Adalci ne in kawo misalin da ya fi ƙarfi a ɓangaren ɗan yayana, domin akwai garin da ya mallaki dogo ya kuma ci riba. Birnin Sinsinati da ke jihar Ohayo a Amurka ya ci bashi ya gina layin dogo nasa na kansa zuwa birnin Catanuga, bayan mutanen garin sun amince da haka ta hanyar ƙuri'a a 1869, aka kuma kammala aikin a 1880. Layin ya zauna a hannun birnin sama da shekara 140, har zuwa watan Nuwamba na 2023 lokacin da mutanen garin suka sake kaɗa ƙuri'a suka yarda a sayar da shi ga kamfanin Norfolk Southern a kan dala biliyan 1.6. Amma wanda ya duba labarin da kyau zai ga cewa hukumar birnin ba ita take tuƙa jiragen ba. Haya ta bayar tun farkon lamarin, kamfani ne yake gudanar da layin yana ɗaukar nauyin gyaransa, birnin kuma yana karɓar kuɗin haya duk shekara, kuma abin da ya sa hayar take da tsoka shi ne layin doguwar hanya ce ta manyan kaya tsakanin arewa da kudancin ƙasar. Ko a farkon ma, bashin ginin ya daɗe yana danne birnin kafin riba ta fara bayyana. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne sau biyun nan, ranar ginawa da ranar sayarwa, sai da aka tambayi masu kuɗin. Mu a nan ba mu da al'adar tambayar jama'a kafin a ɗaure musu bashin da jikokinsu za su biya.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Legas, kuma jiha ce ta yi, jihar da ta fi kowace jiha a Najeriya samun kuɗin shiga na cikin gida. Layinta na farko, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13 ne kawai, amma ya ɗauki fiye da shekara goma kafin ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumba na 2023. Layi na biyu da aka ƙaddamar a 2024 kuwa bai buƙaci jihar ta sayi dogon tarayya ba, yarjejeniya aka yi jiragen jihar suke bin hanya ɗaya da layin Legas zuwa Ibadan. Wannan ita ce ƙofar da ya kamata mu ƙwanƙwasa. Idan har akwai fasinjojin da za su cika jirgi tsakanin Sabon Gari da Samaru da Shika, kuma ina kyautata zaton akwai su, ganin yawan ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello da masu zuwa asibitin koyarwa na Shika, to gwamnatin jihar Kaduna ce ya kamata ta zauna da hukumar jiragen ƙasa a yi yarjejeniyar amfani da layin na wasu shekaru, dogo ya zauna a hannun mai shi, ƙwararrun da suka san aikin su gudanar, a kuma rubuta a fili wanda zai cika giɓin kuɗin duk shekara. Idan an gwada bai yi ba, a janye ba tare da an bar wa kowa gadoji da bashi a wuya ba.

Amma akwai abin da ƙaramar hukuma za ta iya yi, wanda a ganina ya fi sayen muhimmanci, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Abu mafi tsada a layin dogo ba ƙarfen ba ne, domin ƙarfe ana sake sayo shi. Abu mafi tsada shi ne zirin filin da dogon yake kwance a kai, wanda ya ratsa gari a miƙe ba tare da ya ci karo da gidan kowa ba. Irin wannan fili sau ɗaya ake samunsa, lokacin da gari bai cika ba. Mu a Zariya mun riga mun ga yadda ake rasa shi. Siririn layin da ya tashi daga nan zuwa Jos an rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafansa, kuma yau matashin garin nan da wuya ya iya nuna maka inda ya bi. Da za a ce a mayar da shi, sai an fara da biyan diyyar gidaje da gonaki. A Birtaniya ma an rufe layuka masu yawa bayan wani rahoto na 1963, kuma da aka zo sake buɗe wani ɓangare na layin da ya tashi daga Edinbara ya yi kudu, wanda aka rufe a 1969 aka sake buɗewa a 2015, sai da aka sake mallakar filaye aka kuma sake gina gadoji da kuɗi masu yawa. Amurkawa kuwa sun yi doka a 1983 wadda ta ba da damar a adana filin layin da aka daina amfani da shi, a mayar da shi hanyar ƙafa da keke na wucin gadi, har ranar da za a sake buƙatar jirgi.

Wanda ya bi gefen dogo a cikin garuruwanmu ya san yadda ake cin filin nan a hankali. Yau mai tebur ne ya kafa rumfar buhu, gobe ta zama ta kwano, jibi an sa bulo, bayan shekara biyu kuma wani ya sayar wa wani da takarda da shaidu. Wani wurin bola ce take cinye shi, wani wurin kuma ruwan unguwa aka karkato ya riƙa zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin ƙarfen. Ba na zargin masu rumfunan, domin neman abinci suke yi, kuma da yawansu suna biyan kuɗin rasit kullum. A nan ne ma hannun ƙaramar hukuma yake, domin kasuwanni da rumfuna da shara da magudanan ruwa duka aikinta ne a rubuce. Tana iya haɗa kai da hukumar jiragen ƙasa da ofishin filaye na jiha a auna iyakar filin dogon a kafa alamu da kowa zai gani. Tana iya daina yankar rasit ga duk wani gini na dindindin a cikinsa, ta nema wa masu sana'ar da ke kai wurin da ya dace tun kafin ranar da za a zo da motar rusau a tashe su cikin wulaƙanci. Tana iya zama da masu unguwanni da dagatai da 'yan sintiri a kan cewa duk wanda aka gani yana kwance ƙarfen dogo a kai rahotonsa, ta kuma gyara magudanan da suke zubar da ruwa a kansa. Duk wannan ba zai ci ko kusa da kuɗin kan jirgi ɗaya ba, kuma ba a buƙatar izinin kowa daga Abuja kafin a fara yawancinsa.

Ga kuma sabon layi na zamani da ake ginawa daga Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yuli na 2021, zai kuma bi ta yankin Zariya ya haɗe da na Abuja zuwa Kaduna da ya fara aiki a 2016. Faɗinsa ya fi na tsohon layi, don haka jirgin wannan ba ya hawa kan wancan. Ranar da ya fara aiki, tambayar da za ta dami mutumin Zariya ita ce yadda zai isa tasha da kayansa, da inda motar haya da Keke Napep za su tsaya, da ko akwai fitila da tsaro a hanyar idan jirgi ya iso da dare. Waɗanda suka saba zuwa tashar Rigasa a Kaduna sun san cewa hanyar zuwa tasha rabin tafiya ce. Titin unguwa da tashar mota da fitilun kan hanya kuwa suna cikin jadawalin ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a nan ne nairarta za ta yi aikin da za a gani. Idan kuma aka tsare filin tsohon layin, wata rana shi ne zai iya zama hanyar da za ta riƙa kwaso mutanen Giwa da Shika da Samaru tana kawo su ga sabon jirgin.

Da ɗan yayana ya dawo ranar Juma'ar da ta biyo baya na gaya masa duk wannan. Bai ji daɗi ba, kuma na fahimce shi, domin shi kuɗin motar gobe ne yake damunsa, ni kuma ina yi masa maganar shekaru masu zuwa. Ya ce, "To Baba, mu da muke shan wahalar yanzu fa?" Na ce masa wannan kukan a kai shi inda za a iya share shi, wato ga ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarsa da ma'aikatar da ke kula da sufuri a Kaduna, a nemi a gwada jirgin fasinja a bisa yarjejeniya da masu dogon, kuma zan taimaka masa da rubuta takardar da lissafin da ya kamata a haɗa da ita. Na kuma roƙe shi abu ɗaya, cewa ranar Asabar ya zo da babur ɗinsa ya ɗauke ni, mu bi gefen layin daga Kwangila har Hayin Dogo, mu rubuta duk inda gini ya shiga da duk inda ruwa ya ci, mu kai wa kansilan mazaɓar da hannunmu. Ya ce zai zo da abokan aikinsa biyu, ɗaya daga cikinsu malamin labarin ƙasa ne kuma ya iya zana taswira.